Ƙirar Mota da Hukuncin Hanya: Waiwaye a kan Motocin da Suka Yi Zamani a Ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe zai faɗi irin motar da ya gani, cewa yake yi "ƙirar Fijo ce" ko "ƙirar Marsandi ce". Ita kuwa kalmar ƙira daga maƙera ta fito, watau wurin da ake saka ƙarfe a wuta, a ɗora shi bisa uwar maƙera, a yi ta dukansa har ya zama fartanya ko lauje ko takobi. Wannan ya nuna mana cewa tun daga harshe Bahaushe ya ɗauki mota a kan abin da wani gwani ya zauna ya siffanta da gangan saboda wata bukata, kamar dai yadda maƙeri kan yi la'akari da irin ƙasar da za a nome kafin ya fitar da bakin garma.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi tarihin siffar mota daga inda aka fara zana ta, sa'an nan mu dubi abin da ya same ta da ta iso ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda a da suke cikin Lardin Sakkwato, kuma tun 1996 suke cikin Jihar Zamfara. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, motocin da suka yi suna a wannan yanki sau biyu aka ƙera su. Ƙira ta farko an yi ta ne a kan teburin zane a Amurka da Turai. Ta biyu kuwa a nan aka yi ta, a tasha da garejin makanikai da rumfar kafinta, bayan hanya ta gama tankaɗe da rairaya. A ƙasashen Turai masu tara tsofaffin motoci kyawun jiki da wuyar samu suke bi. Mu a nan ma'auninmu dabam ne, domin motar da ta cancanci a tuna da ita ita ce wadda ta kai mutane kasuwa da damina, ta kuma komo da su gida.

2.0 Ƙira ta Farko: Asalin Siffar Mota

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 ƙafa uku gare ta, kuma ita da waɗanda suka biyo bayanta siffar keken doki suka ɗauka. A wancan zamani aikin ƙera mota kashi biyu ne. Kamfani yakan ƙera shasi da inji, sa'an nan mai saye ya kai wa masu haɗa keken doki su gina masa bodi da katako da fata gwargwadon aljihunsa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi a ƙasar Hausa.

Henry Ford ne ya fara rushe wannan tsari da motarsa Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927 har sama da miliyan 15. Doguwar ƙafa gare ta, cikinta ya yi nisa da ƙasa, saboda hanyoyin karkarar Amurka na lokacin taɓo ne da ramuka. Ford bai damu da ado ba, har ma daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai yake shafa mata. Abokan gasarsa na General Motors su ne suka gane cewa ido ma yana sayen mota. A 1927 suka buɗe sashe na musamman don zanen jiki da zaɓen launi a ƙarƙashin Harley Earl, suka kuma riƙa sauya siffar motocinsu shekara-shekara, don mai motar bara ya ji tasa ta tsufa. Daga nan motar Amurka ta riƙa ƙara tsawo da faɗi tana kwanciya ƙasa. A 1948 Cadillac ta fito da 'yan fikafikai a baya, waɗanda aka kwaikwayo daga wutsiyar jirgin yaƙi, kuma kafin 1959 sun yi tsiri har sun zama abin kallo.

Turai kuwa wata hanya ta bi, saboda tsadar mai da ƙuncin tituna da kuma talaucin da yaƙi ya bari. A 1934 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da Traction Avant, wadda aka haɗe bodinta da shasinta suka zama abu guda, abin da daga baya ya kashe sana'ar masu gina bodi a ɓangaren ƙananan motoci. Waɗanda suka tsira daga cikinsu sai suka koma sayar da zane. Mafi shahara shi ne gidan da Battista Farina ya kafa a birnin Turin na Italiya a 1930, wanda aka sani da Pininfarina. Kamar yadda za mu gani, alƙalamin wannan gida ne ya zana motocin da suka mamaye tashoshinmu.

3.0 Hanya da Sharuɗɗanta

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan kuma ya tsaya. Bai taɓa kaiwa Sakkwato ba. Saboda haka duk gyaɗa da auduga da fatun da za su fita daga yammacin lardin, da duk gishiri da kananzir da yadin da za su shiga, ta hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato suke bi, a bayan jaki da raƙumi da fari, daga baya kuma a bayan mota. Talata Mafara tana kusan tsakiyar wannan hanya, ga kuma kasuwarta ta ranar Talata wadda ta ba garin suna. Bakura da Maradun kuwa sai an sauka daga babbar hanya ake zuwa gare su, ta cikin ƙasa mai fadamu da rafukan da ke kwarara cikin Gulbin Sakkwato.

Irin wannan ƙasa sharuɗɗa huɗu take gindaya wa mota. Na farko, cikinta ya yi nisa da ƙasa, don kada ta zauna a rairayi ko kunyar hanya ta fasa mata tukunyar baƙin mai. Na biyu, sifirin ɗinta ya jure gargada da nauyi. Na uku, injinta ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu, ya kuma zama wanda bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya da sifana da hama. Na huɗu, ta ɗauki mutum da kayansa, domin ba a zuwa kasuwar Mafara hannu rabbana. Duk wanda ya auna doguwar motar Amurka mai fikafikai da waɗannan sharuɗɗa zai ga dalilin da ya sa ba ta wuce ƙofar fada da manyan birane ba.

Akwai kuma hukuncin gwamnati da ya taɓa ƙira kai tsaye. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, daidai da maƙwabtanta irin su Nijar. Sitiyari ya tashi daga dama ya koma hagu, kuma wannan ya ƙara share wa motocin Faransa da Jamus fage.

4.0 Motocin da Hanya ta Zaɓa

4.1 Land Rover

An fara nuna ta a Amsterdam a 1948. Ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi ya sa Maurice Wilks da abokan aikinsa suka yi mata jiki da goran ruwa, wanda ba ya tsatsa, suka kuma bar shi falle-falle miƙaƙƙe saboda ba su da kuɗin sayen injunan lanƙwasa shi. Watau rashi ne ya zana ta. A ƙasarmu ita ce motar Di'o da ma'aikatan En'e da malaman gona da na dabbobi da masu allurar rigakafi. Idan ƙurarta ta taso a bakin ƙauye, talaka ya san hukuma ce ta zo, ko da alheri ko da akasinsa.

4.2 Volkswagen Beetle

Wannan, wadda muke kira Bitil, Ferdinand Porsche ne ya jagoranci zana ta a Jamus kafin yaƙin duniya na biyu, kuma ba a daina ƙera ta ba sai a 2003 a Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, don haka ba ta da lagireto balle ta tafasa a hanya. Nauyin injin a kan ƙafafun baya yana taimaka mata a rairayi, cikinta kuma shafaffe ne. Laifinta ɗaya, ba ta da wurin kaya. Wannan ya sa ta zama motar malamin makaranta da akawu da ma'aikacin asibiti, ba ta samu shiga sosai a wurin 'yan haya ba. Tun 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Legas.

4.3 Peugeot 404 da 504

Peugeot, watau Fijo, ita ce ta cika sharuɗɗan nan huɗu gaba ɗaya. Samfurin 404 ya fito a 1960 da zanen Pininfarina: miƙaƙƙun layuka, manyan gilasai, da 'yar wutsiya a baya wadda ita ce ragowar yayin fikafikan Amurka. Abin lura a nan shi ne, gidan zanen nan ya sayar wa Ingilishi kusan wannan siffa, har mai kallo daga nesa kan kasa bambanta 404 da Austin Cambridge ko Morris Oxford na wancan lokaci. Fuska ɗaya ce, amma Fijo ce ta yi ƙarko a nan, saboda abin da ke ƙarƙashin fuskar. Ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Mai buɗaɗɗen baya daga cikinta, watau a-kori-kura, ita ce ta zama jakin kasuwannin ƙauye, tana ɗaukar buhunan gero da awaki da masu su a lokaci guda.

Samfurin 504 ya fito a 1968, shi ma da hannun Pininfarina, da fitilu masu kusurwa da but mai gangara. An zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari a 1975. Sifirin ɗinta yana da dogon numfashi, yana haɗiye gargada. Doguwar cikinta, wagon mai layin kujeru uku, an zana ta ne don magidancin Faransa mai 'ya'ya da yawa, amma a tashar Mafara sai ta zama motar haya: biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, kaya kuma a ɗaure har ƙofar but ta ƙi rufuwa.

An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975. Cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wannan zamani ya sa aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, daga nan a kai su Kaduna. Ƙarin albashin Udoji da rancen mota sun sa ma'aikata da dama suka yi motarsu ta farko a wannan tsakani. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a cikin baƙar Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mai da Fijo motar hukuma. Sai ya zamana gwamna da alƙali da ɗan haya duk siffa ɗaya suke hawa, bambancin sai a launi da lamba. A Faransa an daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma a Kaduna ta ƙara sama da shekara ashirin.

4.4 Zamanin Bakolori

Ba za mu wuce waɗannan shekaru ba tare da ambaton madatsar ruwa ta Bakolori ba, wadda kamfanin Impresit na rukunin Fiat ya gina a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, aka kuma shimfiɗa aikin noman rani a ƙasar garuruwan nan uku. Aikin ya kawo tifa da katafila da motocin injiniyoyi da masu awo irin waɗanda yankin bai saba gani ba, ya kuma koya wa samari tuƙi da walda da kanikanci. To amma motocin da suka kawo albashi su ne suka kawo masu auna gonaki. Da rikicin diyya ya ƙi ƙarewa, hanyoyin da motocin aikin ke bi manoma suka tare, kuma a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Duk mai rubuta tarihin mota a wannan ƙasa wajibi ne ya tuna cewa siffar da wani ya gani a kan ci gaba, wani barazana ya gani a cikinta.

5.0 Ƙira ta Biyu: Hannun Bahaushe

Mun faɗa a baya cewa a farkon zamanin mota a Turai kamfani shasi yake sayarwa, wani ya gina bodi. Wannan al'ada da ta mutu a can ta rayu a nan a jikin manyan motoci. Bedford ta Ingila da Marsandi mai gajeren hanci, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1959, sau da yawa kai da shasi kaɗai suke zuwa da su. Kafinta ne zai gina bodin katako, ya ɗaure shi da ƙarafa, ya yi masa tsani da rumfa bisa kan direba da benci-bencin da za a iya cirewa ranar da hatsi ko shanu za a ɗauka. Shi ne yake yanke tsawon bango da faɗin ƙofa, kuma da bukatar kasuwa yake aunawa. Haƙiƙa wannan ƙira ce cikakkiya, ko da yake ba a rubuta sunan mai ita a jikin motar ba.

Bayan kafinta sai mai fenti. Shi ne zai zana zaki ko mikiya ko dawisu ko furanni, ya kewaye su da launuka masu ɗaukar ido, ya rubuta addu'a ko karin magana a goshi da baya, da boko ko da ajami ko da Larabci. A ganinmu tushen wannan ado yana cikin kayan doki. Al'ummar da ta saba yi wa doki jalala da tunjimi da ado a goshi, da ta samu sabon abin hawa sai ta yi masa irin wannan gata, har da geza a gilas da fata a sitiyari. Harshe ma ya bi sawu, domin mukan ce kan mota da hancinta da cikinta da ƙafarta, kamar muna zancen dabba. Sassan da ba mu da su a da muka aro sunansu muka lanƙwasa shi: birki, giya, kuloci, kafireto, salansa, shakazoba.

Har ila yau mota ta shiga tsarin girma da kyauta. A fadojin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, doki da riga su ne ƙololuwar abin da ake ba makaɗi a da. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura kuma makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya rayu a daidai zamanin da mota ta hau saman doki a ma'aunin kyauta. A ɗaya gefen kuma Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, ya nuna mana cewa a bayan kowace mota mai ado akwai yaron da ke kwana a ƙarƙashinta.

6.0 Juyin Zamani

Tashin farashin mai na 1973 ya sa masu zane a Turai suka koma ga siffar da ke ratsa iska da ɗan mai kaɗan. Motoci suka ƙara kwanciya, ja ya koma ƙafafun gaba, daga baya kuma na'urorin lantarki suka maye gurbin kafireto. A gida kuwa tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗa motoci na Kaduna da Legas da Bauci da Kano da Inugu suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Daga nan kasuwa ta koma hannun motocin Kwatano, watau waɗanda aka gama yayinsu a Turai aka shigo da su ta Jamhuriyar Benin.

Duk da haka ƙira ta biyu ba ta tsaya ba. Volkswagen Golf, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana samfurinta na farko, wanda ya fito a 1974, don titunan Turai, jikokinta ne suka gaji 504 a tashoshinmu, kuma kafin su fara lodi sai bakanike ya ɗaga musu baya ya ƙara musu sifirin. Hanya ba ta sassauta sharuɗɗanta ba, mai gyara ne yake cike giɓin da mai zane ya bari.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa siffar mota a Amurka gasar kasuwa ce ta haife ta, a Turai kuma tsada da ƙunci, amma a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun hanya ce ta yi alƙalanci, sa'an nan kafinta da mai fenti da bakanike suka ƙarasa aikin. Abin da ke damunmu shi ne shaidun wannan tarihi suna ƙarewa a gaban idonmu. Gawarwakin 404 da 504 da Bitil da ke bayan gareji 'yan gwangwan suna sare su suna sayarwa a kilo don a narke. Bodin katako gara da ruwan sama suna cinye shi tare da zanen da ke jikinsa. Tsofaffin direbobi da kafintocin da suka san yadda aka yi suna ta tafiya, ga kuma rashin tsaron da ya addabi hanyoyin Zamfara tun cikin shekarun 2010, wanda ya sa isa ga waɗanda suka rage a ƙauyuka ya yi wuya.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, sassan Hausa da na tarihi a kwalejojinmu su tura ɗalibai tashoshi da gareji su naɗi hira da dattawan sana'ar, su tattara sunayen motoci da na sassansu da rubuce-rubucen da ke jikinsu. Na biyu, a ɗauki hoton duk bodin katako mai zane da ya rage, a rubuta garin da aka gina shi da wanda ya gina. Na uku, makarantun koyar da sana'a, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su nemi ko da 404 ɗaya da 504 ɗaya da roka ɗaya su adana, don ɗalibin injiniya ya buɗe ya ga abin da ya sa suka jure ƙasarsa. Ranar da za mu zauna zana motar kanmu, daga waɗannan za mu fara karatu. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Allah ya sa mu dace.